Doki 450 a Titin Woodward

Na shekara ashirin da ɗoriya ina kwance injin Fijo a Kano, ban taɓa tambayar kaina ƙarfin doki nawa ne a cikin injin 504 ba. Kunnena ne ma'aunina. In mota ta yi tari na san kafireta ce, in ta yi kasala a hawa na taɓa tayamin, wato saitin lokacin da fulogi ke ba da wuta. Da ɗan yayata da ke aiki a garin Dearborn, kusa da Detroit, ya gayyace ni Amurka, sai ya dage lallai in zo a watan Agusta. "Kawu, akwai abin da nake so ka gani, ba zan faɗa maka a waya ba."

Abin da yake nufi shi ne Woodward Dream Cruise, bikin tsofaffin motoci da ake yi ranar Asabar ta uku ga Agusta a titin Woodward, daga Ferndale zuwa Pontiac, arewa da Detroit. A 1995 aka fara shi, wai don tara kuɗin gina wa yara filin ƙwallo. Kwana biyu kafin bikin ya kai ni garejin wani dattijo maƙwabcin abokinsa, tsohon ma'aikacin masana'antar mota, wanda ke shirya Chevelle SS ɗinsa ƙirar 1970.

Da ya ɗaga bonet na yi shiru. Silinda takwas, lita 7.4, wanda suke kira 454. Injin 504 lita biyu ne, ƙarfinsa bai kai doki ɗari ba. Wannan kuwa kamfanin Chevrolet ya rubuta masa doki 450 a juyi 5,600 cikin minti, da ƙarfin murɗa 500 a juyi 3,600, a ma'auninsu na fam da ƙafa. Na ce to, wanne ne ƙarfin na gaske? Dattijon ya ɗauki alli ya rubuta a ƙasan garejin, ɗan yayata yana fassara mini.

Ashe ba a auna ƙarfin doki, lissafa shi ake yi. Abin da na'ura ke aunawa shi ne murɗar da injin ke yi wa karanshaf, kamar yadda hannunka ke murɗa sifana. Sai a ninka wannan da yawan juyi cikin minti, a raba da 5,252. Lambar ta samo asali ne daga James Watt, injiniya ɗan Scotland, wanda ya ƙayyade doki ɗaya da ɗaga fam 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. Na karɓi allin na gwada da kaina: 500 sau 3,600, raba da 5,252, ya ba ni 343. Ke nan a inda injin ya fi murɗa, dawakansa ba su cika ba. A juyi 5,600 murɗar ta sauko wajen 422, amma saurin juyin ya cike gurbin. Na daɗe a tsugune ina kallon allin nan. Abin da ke manna bayanka da kujera in ka taka totur murɗa ce, kuma ita nake ji a jikina duk shekarun nan ban san sunanta ba.

Washegari muka kai motar wajen masu dayno, na'urar gwada ƙarfin mota. An ɗaure ta da manyan igiyoyi, tayoyin baya a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, aka kunna fanka a gabanta. Lambar da ta fito a kwamfuta ba ta ko kusanci 450 ba. Na zaci dattijon zai ɓata rai, sai na ga ko a jikinsa. Ya ce kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna injin ne tsirara a kan tebur, ba salansa ta ainihi, ba matacin iska, ba kayan da ke cin ƙarfinsa. Ga giya da sauran ƙarafa da ke shan nasu rabon kafin ƙarfin ya isa taya.

A gwaji na biyu suka ƙara tayamin zuwa digiri 36. Tsakiyar gudun na ji wani kacau-kacau siriri a ƙarƙashin rugugin, kamar tsakuwa a gwangwani. Na ɗaga hannu na yi ihu. Yaron da ke kan kwamfuta ya kalle ni sheƙeƙe, amma dattijon ya saki totur nan take. Injin nan fistan ɗinsa na matse mai da iska ninki 11.25 ne, an ƙera shi don fetur mai dalma na wancan zamani, na yanzu yana kamawa da wuta kafin lokaci. A bar shi haka, fistan zai huje. Suka mayar da tayamin baya da digiri biyu, muka cire fulogi, na ga sun yi baƙi da hayaƙi, na ce mai ya yi yawa. Aka rage girman jet, wato ramin da mai ke bi, a kafiretar Holley. A gwajin ƙarshe lambar ƙololuwar dawakin ba ta wani motsa ba, amma layin murɗa a kwamfuta ya cika a tsakiya, wajen juyi 3,000, kuma nan dattijon ya sa yatsa yana murmushi. Mun ci shawarma a Dearborn da daddare, kunnena na ta ƙugi.

Ranar Asabar dattijon ya sa ni a kujerar gaba. Titin ya cika maƙil, mutane sun jera kujeru a gefen hanya tun safe. Ga GTO na 1964, ga Charger mai injin Hemi 426, ga wata Buick GS wadda murɗarta ta kai 510. Dukkanmu tafiyar jaki muke yi, ko giya ta biyu ba mu cika shiga ba. Idon dattijon na kan allurar zafin ruwa, ni kuma ƙafata na ƙaiƙayi. Wajen Royal Oak hanya ta ɗan buɗe, ya waiga ya ga ba ɗan sanda kusa, ya taka na daƙiƙa uku. Hulata ta faɗa kujerar baya, ɗan yayata ya tsince ta yana dariya.