Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Fanka Ta Watsa Littafin Malam

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya fara barin mini makullin shago. Shagon kwamfuta ne ɗan ƙarami a Samaru ta Zariya, kuma yawancin cinikinmu na ɗaliban jami'a ne: buga kundin kammala karatu, hoton takardu, cike fom a intanet. A shekarar 2017 ke nan, lokacin ina ganin babu abin da ya rage mini na sani a harkar.

Wata Laraba da hantsi, Oga ya tafi Kaduna sayo tawadar firinta, sai ga wani dattijo da jikansa riƙe da gafaka. Bayan mun gaisa ya kwance ta a hankali, ya fito da takardu da suka yi ja saboda tsufa. Waƙoƙin wa'azi ne da ajami, rubutun hannun mahaifinsa. Ɗansa da ke karatu a Sudan ne ya matsa a ɗauki hotonsu a tura masa ta WhatsApp.

Na ƙirga, warƙa 86, gaba da baya shafi 172. Ba ɗinki, ba lambar shafi ko ɗaya. Haka littattafan malamanmu na da suke, warƙa-warƙa a sake, fata ce kawai ke riƙe da su.

"Yaro, ka bi su yadda suke. Kada ka ɗaga ta biyu sai ka kife ta farko."

"An gama, Allah gafarta Malam."

Na ƙi saka su a bakin sikana mai zuƙar takarda da kanta, don za ta iya yaga su, kuma wannan ita ce dabara ɗaya da na yi daidai a ranar. Sai na riƙa ɗora su kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, ina sa wa kowane hoto suna 1, 2, 3. Malam ya tafi sallar azahar. Da ƙaramin janareta nake aiki, wanda ba ya ɗaukar fankar sama, na kuwa manta makunninta a kunne yake. Ina kan warƙa ta sittin da wani abu aka kawo wuta, na juya layi.

Kafin in kai hannu, takardun da suka rage sun tashi kamar tattabaru. Wasu ƙarƙashin tebur, ɗaya har bakin ƙofa. Na tsince su jikina na rawa, na jera yadda na ga dama, na ƙarasa aikin. Na ce a raina ai ajami ne, wa zai lura? Ina jin kunyar wannan tunanin har yau.

Sai kuma kwamfuta ta ƙara mini nata. Da na haɗa hotunan su zama fayil ɗaya na PDF, manhajar ta jera sunayen kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus: 1, sai 10, sai 100, 101, 102, shafi na 2 kuwa ya faɗa can bayan na 19. Maganin wannan sauƙi gare shi, daga baya na koya: ka sa sifili a gaba, 001, 002, 010, kowa sai ya tsaya a layinsa. A ranar ban sani ba.

Malam ya dawo, ya sa tabarau, ya dubi allo. Shafi biyu kawai ya karanta.

"Wannan baitin ba shi ke bin wancan ba."

Na fara kame-kame. Jikan ya dubi fanka, ya dube ni. Sai na faɗi gaskiya, ina jiran faɗa. Dattijon ya yi shiru, can ya ce in jawo masa kujera.

Ya ɗauki warƙa ɗaya ya juya bayanta, ya nuna mini can ƙasa ta hagu, ƙarƙashin layin ƙarshe. Wata kalma ce guda ita kaɗai, an rubuta ta a karkace. Na gan ta tun safe a kowace warƙa, na ɗauka gyaran kuskure ne. Ya ce kalmar farko ce ta warƙar da ke biye. Mai rubutu kan ajiye ta ne don irin wannan rana, Larabawa na ce mata ta'aƙiba. Wato mutanen nan sun san iska na watsa takarda tun kafin a ƙera fanka.

Kwamfutar Oga na da cikakken Adobe Acrobat, wanda ke barin mutum ya taɓa tsarin shafuka. Na buɗe wurin da shafuka ke fitowa ƙanana-ƙanana a jere kamar hotunan fasfo. Oga ya taɓa gaya mini cewa tun 1993 kamfanin Adobe ya fito da PDF, kuma bambancinsa da Word shi ne kowane shafi zaman kansa yake. A Word in ka cire sakin layi, duk rubutun ƙasa sai ya hauro. A PDF kuwa kana iya kama shafi da linzami ka ja shi ka ajiye wani wuri, babu harafin da zai motsa. Ashe dai warƙa ce a sake, irin ta gafakar Malam.

Na fara gyara ɓarnar lambobi, wannan bai ɗau lokaci ba. Sauran kuwa sai da Malam. Ina faɗaɗa ƙasan shafi, shi yana karanta kalmar, jikan yana neman warƙar da ta fara da ita a cikin takardun, ni kuma ina nemo hotonta in ja. Sau biyu ina jan gaban warƙa in bar bayanta, sai Malam ya ce, "Ka raba ta da 'yar'uwarta." Daga nan na koyi danne Ctrl in zaɓi shafi biyun tare. In hannuna ya kuɓuce shafi ya faɗa inda ba nan ba, Ctrl da Z su dawo da shi. Wani wurin ma bai jira kalmar ba, baitin yake rerawa da ka, ya ce in nemo mai fara kaza.

Ana kiran la'asar muka zo wata warƙa da kalmar ƙasanta ba ta dace da farkon kowace ba. Cikina ya ɗuri ruwa. Na durƙusa ina leƙen ƙarƙashin firinta.

"Tashi, ɗana. Wannan tun ina yaro babu ita."

Ya tambaya ko ana iya barin gurbinta. Na saka farin shafi biyu a wurin, na adana fayil ɗin da sabon suna, na bar tsohon yadda yake. Nauyinsa ya yi yawa, sai da na matse shi kafin ya tafi Sudan. Takardun ainihi ma muka mayar da su gafaka bisa tsarin da ke kan allo.

Da ya zo biya na ce ya bar shi. Ya ƙi, ya ajiye kuɗin a kan sikana, ya ce ranar Asabar zai kawo wasu littattafan guda uku, amma in kashe fanka tun kafin ya iso. Yadda Oga ya ji labarin, da abin da ya yanke a kan albashina, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.