Ɗaurin karaya: a bar wa kumburi wuri

Aikina ɗaura filasta, wato farin simintin da ke riƙe karaya, a sashen ƙashi na wani asibiti a Kumasi. Mutanenmu na Aboabo da Asawase sun fi zuwa da karaya iri biyu: ta babur ko pragya (keke mai ƙafa uku), sai ta yaran da suka faɗo daga katanga suka dafa ƙasa da hannu.

Ƙashi da kansa yake haɗewa, mu riƙe shi kawai muke yi. Da ya karye, jini yakan taru ya daskare tsakanin ɓangarorin biyu. Cikin mako 2 zuwa 3 wurin ya zama guringuntsi mai laushi, daga nan ya soma tauri, yawanci tsakanin mako 6 zuwa 12 ga babba. Na yaro ya fi sauri. Bayan haka jiki yakan ɗauki watanni yana sassaƙe ƙullin da ya fito a wurin.

A ranar farko ba na zagaye hannu da filasta gaba ɗaya. Auduga nake fara naɗawa, in ƙara kauri a kan ƙasusuwan da ke dab da fata, in shimfiɗa filasta ninki 8 zuwa 10 a gefe guda, in naɗe da bandeji. Dalili kuwa, kumburi yana ƙaruwa har kwana 2 zuwa 3. Tsokar hannu tana cikin wata jaka da ba ta buɗewa. Idan ta kumbura kuma an matse ta daga waje, jini ya daina shiga, cikin awa 6 zuwa 8 tsoka ta fara mutuwa. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin ana kawo mana yaran da aka ɗaure musu gwiwar hannu tamau da kara da tsumma, yatsu sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa. Karayar da ke saman gwiwar hannun yaro tana dab da babbar jijiyar jini, don haka kada kowa ya ja ta kafin a ɗauki hoto.

Kafin su tafi nakan kama yatsan yaron in ce wa uwarsa: "Hajiya, duba nan. Ki danna farcen ya yi fari, ki saki. Idan bai koma ja cikin daƙiƙa 2 ba, ko yatsu sun yi sanyi, ko ya ƙwalla ƙara da kin miƙar masa da yatsa, ki dawo ko da tsakar dare ne." Zafin da magani bai kwantar ba, shi ne alamar farko ta cewa tsoka ta matsu.

Filasta takan ɗauki kwana 2 kafin ta bushe sarai. A ɗora hannun kan matashi sama da ƙirji, a riƙa motsa yatsu, kada ruwa ya taɓa ta, kada a zura tsinke don susa, gyambo yake haifarwa a ciki.

Babba yana bukatar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, wajen miligiram 1,000 a rana. Wagashi, nono, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu suna bayarwa, hasken rana kuma ya taimaka wa jiki ya sha shi. Mai shan sigari kuwa nakan gaya masa kai tsaye: Malam, taba tana rage jinin da ke kaiwa wurin karayar, ƙashinka zai yi jinkirin haɗewa, wani lokaci ma sai an kai ga tiyata.