Yini guda da direban shata a kudancin Unguja

Mahaifiyata ce dalilin da ya sa muka ɗauki shatar mota a Zanzibar. Gwiwoyinta ba sa jure doguwar tsayuwa, hawa daladala kuwa, wato motocin haya na tsibirin, sai da jira a tasha da matsatsi, sannan a sauke mutum a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Ni da mai ɗakina za mu iya, Hajiya ba za ta iya ba. Na so in karɓi hayar mota in tuƙa da kaina, sai na tarar baƙo yana buƙatar takardar izinin tuƙi ta wucin gadi daga hukumomin Zanzibar ko da yana riƙe da lasisin ƙasarsa. Ga tuƙi ta hannun hagu, ga shingayen 'yan sanda. Kuma wanda zai yini idonsa a kan babura da kekuna da amalanken shanu, me zai gani a tsibirin?

Neman direba bai yi wuya ba, zaɓen ne ya ɗauki lokaci. Mutumin farko da muka yi magana da shi ta WhatsApp bakinsa da zaƙi, duk abin da na tambaya sai ya ce babu damuwa. Da na ce ya turo mini hoton motar da lambarta, ya kuma gaya mini ko shi ne zai tuƙa mu, sai amsa ta fara zagaye-zagaye. Dillali ne, ba shi da mota, zai karɓi aikin ne ya miƙa wa duk wanda ya samu da safe. Dillanci ba laifi ba ne, amma duk sharaɗin da kuka ƙulla da shi ba lalle ya kai kunnen mai riƙe da sitiyari ba. Na bar shi. Wanda muka ɗauka wani dattijo ne da ma'aikacin masaukinmu ya haɗa mu da shi, ya zo da kansa da yamma, muka tsaya jikin motar muka yi magana. Na duba tayoyi da safaya, na ja bel ɗin kujerun baya, na sa ya kunna na'urar sanyaya mota, Hajiya kuma ta gwada hawa don mu ga ko matakin bai yi mata tsawo ba. Bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan. Shi ma ya ciro lasisinsa da takardar inshora ya nuna mini tun ban gama tambaya ba.

A nan muka tsayar da komai. Kuɗin na mota ne gaba ɗaya ko na kowane kai? Mai yana ciki? Awa nawa ne yinin, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kuma idan muka zarce nawa ne kowace awa? Kuɗin shiga wurare da na fakin a wuyan wa? Da wane kuɗi za a biya, shilin Tanzaniya ko waninsa, kuma yaushe? Na rubuta duka a waya na tura masa, ya amsa da cewa ya yarda. Kafin alƙalami kaɗan na ba shi, sauran sai mun dawo. Akwai wani abu ɗaya da ya kamata duk mai zuwa gaɓar tekun gabashin Afirka ya kiyaye: masu jin Suwahili suna fara ƙidayar awoyin rana ne daga fitowarta, don haka ƙarfe 7 na safe a wurinsu awa ta ɗaya ce, ƙarfe 8 ta biyu. Tazarar awa 6 ce cif. Direbobin da suka saba da baƙi sun san duka lissafin biyu, amma duk da haka na nuna masa lokacin a fuskar wayata.

Sai na karanta masa jerin wuraren da nake so: Nungwi, gonakin kayan ƙamshi, dajin Jozani, Paje, Kizimkazi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, ko arewa ko kudu. Idan ka haɗa su, Mama za ta yini a kujera tana kallon kwalta.” Ya yi gaskiya. Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tsawonsa kusan kilomita 85 ne, Nungwi tana can ƙarshen arewa, Kizimkazi tana ƙarshen kudu. A taswira abin kamar ba komai, amma hanyoyin suna ratsa ƙauyuka, ga tudun rage gudu, ga 'yan makaranta, ga kasuwannin bakin titi. Muka zaɓi kudu.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne ya fi burge ni cikin harkar duka. Ya buɗe jadawalin ruwan teku a wayarsa, ya duba lokacin da ruwa zai janye gobe, sannan ya jera wuraren bisa wannan. A gabashin tsibirin teku yana cika ya janye sau biyu a yini, lokacin kuma yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Idan ya janye, sai a ga fili fari fat ya miƙa can nesa, a lokacin ne mata suke shiga gonakinsu na ciyawar teku. Idan ya ciko, gonakin sun nutse, babu abin gani sai ruwa. Mai son ninƙaya yana son akasin abin da muke so. Duk tsarin da aka yi a ɗaki ba tare da duba wannan jadawali ba, sa'a kawai ake gwadawa.

Da safe a bakin tsohon garin birnin Zanzibar, Mji Mkongwe, ya jira mu, domin lungunan ciki mota ba ta shiga. Siraran hanyoyi ne na ƙafa da keke da babur, tsakanin gidajen dutsen murjani, abin da ya sa UNESCO ta saka garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Mai masauki a ciki ya tambaya tun da wuri daidai inda mota za ta tsaya, musamman idan yana tare da tsoho. Baba direba ya taka har ƙofar masaukin ya riƙo jakar Hajiya.

Mun bi ta Tunguu, muka ratsa layin tsofaffin itatuwan mangwaro na Bungi da suka yi wa titi rumfa. An tsayar da mu a shinge, ya sauke gilashi, ya gaisa, ya miƙa takardu, aka duba aka sallame mu. Ni ban ce uffan ba, kuma haka ya dace.

Jozani muka fara zuwa tun rana ba ta yi zafi ba, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Dajin yana da nisan kusan kilomita 35 daga birni, an mai da shi gandun daji na ƙasa a 2004, kuma shi ne mafakar jajayen biran nan da ba a samun irinsu a wata ƙasa sai Zanzibar. A nan na ga iyakar aikin direba. Ya kai mu ƙofa, ya nuna mana inda ake biya, ya koma inuwa. Cikin dajin ɗan jagora na gandun ne yake shiga da mutane. Da yawa suna zaton direban shata shi ne mai bayanin tarihi da dabbobi, har su ji haushi idan ya yi shiru. Aiki biyu ne daban. Wanda yake son mai yi masa bayani a duk tsawon hanya ya faɗa tun wajen ciniki, a nemo masa.

Biran ba su da tsoron mutane. Wata uwa ta zauna a reshe kusa da mu, ɗanta manne a cikinta, tana tsinkar ɗanyen ganye tana kaiwa baki. Bayanta ja ne, cikinta fari, gashin kanta fari ya miƙe tsaye kewaye da baƙar fuska. Ɗan jagoran ya ce mu dubi hannunta: yatsu huɗu dogaye, babban yatsan kuwa ɗan guntun tsiro ne kawai. Ya ce suna cin gawayi, yana taimaka musu wajen narkar da wasu ganyaye masu ɗaci da guba. Ya hana a matsa kusa ko a miƙa musu abinci, saboda cutar mutum tana iya kama su. Hajiya ta tsaya ta dogara sandarta tana ta tasbihi. Tafiyar cikin kurmi ba ta yi ba, amma gadar katako da aka shimfiɗa cikin itatuwan bakin ruwa masu saiwoyi a waje ba ta da hawa da sauka, ta taka ta a hankali. Mun daɗe fiye da yadda aka tsara, babu wanda ya danna mana ham. Wannan sararin shi ne abin da kuɗin shata yake saya, kuma a ganina ya cancanci kuɗin.

Daga mararrabar Kitogani muka karkata gabas zuwa Paje, ba mu tsaya ba, muka gangara Jambiani. Mun isa ruwa ya janye kamar yadda ya ce. Mata suna zaune cikin ruwa iya ƙugu ko iya gwiwa, tsakanin layukan turaku da aka ɗaura wa igiyoyi, suna ɗaure ƙananan rassan ciyawar teku a jikin igiyar. Bayan kamar mako shida sai a girbe, a ɗauko a ka cikin buhuna, a shanya a rana, a sayar. Daga cikinta ake fitar da wani sinadari mai kaurara abu da ake sawa a man goge baki da kayan kwalliya da wasu kayan abinci. An fara wannan noma a matsayin sana'a a Zanzibar a 1989, kuma mafi yawan masu yinsa mata ne. Aiki ne mai cin baya, a tsugune cikin ruwan gishiri rana tana dukan ka. Mai ɗakina ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, sai Baba direba ya ce, “'Yata, bari in tambaya tukuna.” Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya gaida su, ya dawo ya ce biyu sun yarda, ɗaya ba ta so. Ba abin kallo suka fito yi ba, neman abinci suka fito, kuma na ji daɗi da muna tare da wanda ya san haka.

Maganar abincin rana tana da ɗan abin lura. A wurare da yawa na yawon buɗe ido, shaguna da gidajen abinci suna ba direba la'ada idan ya kawo baƙi. Ban ga aibin hakan ba muddin ba a ɓoye ba, kuma ba a karkatar da tafiya saboda shi ba. Tun daren jiya na ce masa ba ma son tsayawa a shagon tsaraba, ya ce to, kuma bai sake tayar da zancen ba. Wurin cin abinci na bar masa zaɓi da sharaɗi biyu, tsabta da kujera mai jingina saboda Hajiya. Na ce ya zauna mu ci tare. Ya gode, ya ce ya fi son ya ci tare da sauran direbobi ya ɗan miƙe ƙafa. Ban matsa ba, na dai biya nasa. Mutumin da ya fito tun asuba, kuma rayukanku suna hannunsa har dare, hutunsa na awa guda amfaninku ne.

Ta Makunduchi muka zagaya zuwa Kizimkazi. Yawancin masu zuwa can don shiga kwalekwale kallon kifayen dolfin suke zuwa, wannan kuma harkar sassafe ce. Mu masallacin Dimbani ya kai mu. Daga waje ƙaramin gini ne mai rufin kwano, wanda bai sani ba zai wuce shi. A ciki, jikin bangon alƙibla, akwai rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, da aka sassaƙa a dutsen murjani mai ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107 Miladiyya. An sake gina mafi yawan masallacin a ƙarni na 18, amma aka bar rubutun a wurinsa, shi ya sa ake lissafa shi cikin masallatai mafiya daɗewa a gabashin Afirka. Ƙofar a rufe muka same ta. Da mu kaɗai ne, da mun leƙa ta taga mun juya. Baba direba ya aiki wani yaro, ba a jima ba sai ga mai kula da wurin da makulli. Muka yi alwala, muka yi salla a ciki. Na daɗe ina bin haruffan da ido, wasu sun lanƙwashe kamar ganye, ina tunanin mutanen da suka tsaya a wannan sahun shekara 900 da suka wuce, jiragensu na filafilai suna jiran iska a bakin gaɓa.

Hajiya ta so mu tsaya ganin faɗuwar rana. Ya dubi agogo ya ce mata, “Mama, ki yi haƙuri, nan duhu ba ya jira.” Tsibirin yana kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 da rabi kusan duk shekara, kuma duhu yana rufewa da sauri. Hanyoyin ƙauye babu fitilu, akwai masu keke ba haske da masu tafiya a gefen kwalta. Ya ce zai iya tuƙin dare idan mun dage, amma bai so. Na goyi bayansa. Idan direban da ya san hanya ya ce ba ya son abu, ba wurin nuna iko da kuɗin da aka biya ba ne.

Duk da haka cunkoson shiga birni ya riƙe mu, muka zarce lokacin da aka yanka da kusan awa guda. Da yake mun riga mun tsayar da kuɗin ƙarin awa tun jiya, babu ja-in-ja a bakin titi. Na ƙirga masa cikon kuɗinsa da na ƙarin, na ɗora tukuici daban a hannu daban don ya san wannan godiya ce. Kafin ya tafi na tambaye shi yadda za a yi arewa. Ya ce a fara da gonakin kanumfari na Kizimbani da safe, a biya ta wuraren wankan Kidichi da Sarki Sayyid Sa'id ya gina a 1850, a isa Nungwi da rana a ga masu sassaƙa jiragen katako, kuma a can janyewar ruwa ba ta kai ta gabas ba, don haka jadawalin teku ba zai takura mu sosai ba. Muka tsayar da jibi, ƙarfe 8 na safe, na sake nuna masa a fuskar waya.