Saƙon Godiya Bayan Majigin Daren Asabar

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin iyalan gidanmu da matasan unguwarmu da ke cikin birnin Kano, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci majigin da muka haska a daren Asabar ɗin da ta gabata, domin tunawa da ƙanena wanda masu ƙwacen waya suka daɓa wa wuƙa bara, yana dawowa daga kasuwar Farm Centre inda yake koyon gyaran waya, rai kuma ya yi halinsa tun kafin a isa da shi asibiti.

Godiyata ta farko ga daraktan fim ɗin ce, wanda ya taso da kansa da na'urarsa da farin ƙyallensa, bai karɓi ko kuɗin man janareta ba. Ba zan ɓoye ba, da aka fara kawo shawarar sai da na yi jim, domin na daɗe ina gudun fina-finan daba, waɗanda sau da yawa ɗan daban ne yake tashi da kirari da taƙama, washegari ka ji yara a lungu suna kwaikwayon maganarsa. Irin wannan fargabar ce ta sa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana nuna ƙwacen waya da shaye-shaye da garkuwa da mutane a fim a shekarar 2021. Shi wannan bawan Allah bai nuna wuƙa ko sau ɗaya ba. Abin da muka gani shi ne takalmi ƙafa ɗaya a bakin kwata, da mutanen da suka yi cirko-cirko, daga nan labarin ya bi wayar hannu zuwa hannu, har ta isa wurin mai sayen kayan sata, dattijo mai kamala a ido wanda kowa yake gaisarwa. A ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake, domin ya nuna cewa yaron da ya riƙe makami ba shi kaɗai ya yi kisan ba.

Baiwar Allah da ta fito a matsayin mahaifiyar mamacin kuwa, ban san da wane baki zan gode mata ba. An kawo mata labari tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta kurma ihu ba, ba ta faɗi tana birgima ba. Ta ci gaba da kaɗa rariyar kamar ba ta ji ba, har sai da hannun ya tsaya da kansa, sannan ta yi salati a hankali ta tambaya ko ya ci abinci kafin ya fita. Wallahi kusan haka Hajiyarmu ta yi ranar da abin ya same mu, kuma a daidai wurin nan filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar janareta. Matashin da ya fito a matsayin mai laifin shi ma ya yi ƙoƙari matuƙa, musamman a teburin mai shayi, inda hannunsa yake rawa har ya kasa riƙe kofi.

Abu ɗaya na faɗa wa darakta ido da ido, ya kuma saurara da kyakkyawar zuciya: an gaggauta zaman kotu, aka yanke hukunci a zama guda, alhali duk wanda ya taɓa bin shari'ar jini ya san yadda ɗage zama yake cinye ƙafa da aljihu da haƙuri. Kiɗan da ke ƙarƙashin wasu fitowar ma ya danne magana.

Ina gode wa mai unguwa da malam liman bisa jawabansu, da shugaban makarantar da ya ba mu fili, da 'yan sintirin da suka tsaya har aka watse lafiya, da iyayenmu mata da suka shayar da jama'a kunun aya da zoɓo. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya jiƙan ƙanena da sauran waɗanda aka zalunta.

Hajiya, wadda muka yi zaton ba za ta iya zama ba, ta kalli fim ɗin har ƙarshe, kuma ta umarce ni in isar wa mai wasan nan cewa ta gode, Allah ya raya mata zuri'a, kada ya nuna mata irin wannan rana.