Mai ciki, maganin kanjamau da ciwon damuwar da ba a tambaya

A duk ranar awo ana gwada jinin mai ciki, a ɗora ta a sikeli, a saurari bugun zuciyar abin da ke cikinta. Idan kuma tana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, sai a ƙara da tambayar ko tana shan maganinta kullum. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne halin da zuciyarta take ciki, alhali sau da yawa a nan ne dalilin tsallake maganin yake. Na daɗe ina raka 'yan uwa mata asibiti a nan Jos, kuma abin da idona ya gani ya hana ni saurin kiran irin waɗannan mata masu sakaci.

Muhimmancin maganin ba abin musu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗaukar cutar daga uwa a lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa, amma da magani adadin yakan sauko ƙasa da 5 cikin 100. Yawanci ƙwaya ɗaya ce tak a rana, wadda ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kuma kyauta ake bayarwa. Sharaɗin dai shi ne a sha ta kullum, domin idan aka yi ta tsallakewa cutar takan sake yawa a jini, har ta daina jin maganin.

Sai dai shan ƙwaya kullum yana buƙatar wanda yake da sauran karsashi, shi kuwa ciwon damuwa karsashin yake fara cinyewa. Hukumar ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kimanin kashi 15.6 cikin 100 na masu ciki suna fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, bayan haihuwa kuma adadin yana kaiwa kashi 19.8. Wannan lissafi na mata gaba ɗaya ne, ballantana wadda take ɗauke da sirrin da take tsoron ya kashe mata aure.

Wata baiwar Allah, wadda ta yarje mini in ba da labarinta ba tare da suna ba, a wurin awon cikinta na fari ta ji sakamakon gwajin. Ta juye ƙwayoyin a robar maganin ƙarin jini, ta tura ƙasan akwatin lefenta, ba ta sha sai maigida ya fita sallar asuba. Ranar karɓar magani takan wuce asibitin unguwarsu ta biya kuɗin Keke zuwa wani mai nisa, don gudun idon sani. Da cikin ya tsufa sai barci ya ƙaurace mata, abinci ya daina yi mata daɗi, ta kan wuni a ɗaki tana hawaye, mutanen gida kuwa suka ɗauka laulayi ne da ya ƙi wucewa. Da na matsa mata kan ƙwayoyin da suka taru, sai ta ce: "Yaya, wallahi ba mantawa nake yi ba. Ina kallon robar, amma komai ya fita raina."

Mace a wannan hali faɗa ba ya yi mata magani, sai ma ya sa ta daina zuwa. Mun saba ce wa mai baƙin ciki ta yi haƙuri ta yi tawakkali, kuma ni ma na yi imani da addu'a. Amma ba mu taɓa hana mai hawan jini magani don tana addu'a ba. Dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014 tana kare mutum a wurin aiki da makaranta, sai dai da wuya ta shiga tsakar gida inda gorin kishiya da na dangin miji suke.

Gano ciwon ba ya buƙatar na'ura. Akwai tambayoyi 10 da aka tsara a birnin Edinbara na ƙasar Scotland tun 1987 domin tantance damuwar masu jego, ana kuma amfani da su ga masu ciki, ungozoma na iya yin su cikin 'yan mintuna. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi mana ƙaranci ƙwarai, amma an gwada wata hanya a wurare irin namu: a Pakistan an horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauyuka su zauna da masu ciki su warware musu tunani mataki mataki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin a matsayin jagora a 2015, a Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti. Mu ma muna da iyaye mata masu ɗauke da cutar, waɗanda suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, suke kuma taimakon sababbi a asibitoci. Su ne ya fi dacewa a koya wa wannan aiki, domin su mace take buɗe wa cikinta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ƙara wa wannan buƙata ƙarfi.

Idan ciwon ya yi tsanani akwai magungunan damuwa da likita zai iya zaɓa wa mai ciki, wadda kuma ta fara maganar gara ta mutu, a ranar ya kamata a kai ta ga likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Lokacin da ya fi ba ni tsoro shi ne jego. Gida cike yake da 'yan barka, mai yi mata wanka tana tare da ita dare da rana, ga maganin ruwa da za ta riƙa ɗiga wa jariri kullum, ga gwajinsa a mako na 6, ga nata maganin da dole ta ci gaba da sha muddin tana shayarwa da ma bayan yaye. Tun kafin ta haihu ya kamata ma'aikaciyar lafiya ta zauna da ita su fitar da mutum ɗaya amintacce, uwa ce ko yaya ko miji, wanda zai san halin da ake ciki, ya kuma kira asibiti idan ya ga ta fara janye jiki daga jama'a.