Na sha furobayotik bayan antibayotik, ga abin da cikina ya koya min

Kwanakin baya dasashina ya kumbura har ya yi ruwa, likita ya ɗora ni a kan antibayotik mai ƙarfi. Haƙori dai ya lafa amma sai ciki ya ɗauka, gudawa sama-sama ga ƙugi ga kumburi, abu kaɗan zan ci wando ya matse ni. Sai na nemo kafson furobayotik, wato ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai irin su bakteriya da ake sha don amfanin ciki, irin wanda ake rubuta biliyan kaza a jikin robar, lissafina a lokacin mai sauƙi ne, magani ya kashe ƙwayoyin kirki ni kuma zan zuba sababbi su maye gurbi, shi ke nan.

Gudawar kam ta tsaya. Amma kumburin yana nan, kuma da na sa ido sai na ga ashe iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa ba da jimawa ba bayan cin abinci, a sama wajen cibiya, akwai kuma wanda sai can cikin dare ko washegari yake tasowa a ƙasan mara, da iska mai wari wadda mutum kan yi fatan babu kowa a kusa. Wannan ne ya sa na zauna na yi ta karatu, kuma abin da na fara ganewa shi ne mu muke cewa "hanji" a dunƙule, amma a wajen bakteriya wurare ne daban-daban, kowanne da yanayinsa.

Tumbi asid ne zalla, ƙwayoyi kaɗan ne ke iya zama a ciki. Bakteriyar Helicobacter pylori mai jawo olsa ita ce ta san dabarar laɓewa a cikin majinar bangon, ita ce fa wani likita Barry Marshall ya sha da gangan a 1984 don a yarda da shi cewa ita ke jawo ciwon, daga baya shi da Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005. To duk abin da ke cikin kafson nan sai ya bi ta wannan asid ɗin tukuna, da yawa nan suke ƙarewa.

Ƙaramin hanji sunansa ne kawai ƙarami, tsawonsa ya kai wajen mita 6, a nan jiki ke tsotse amfanin abinci. Amma ba wurin zama ba ne, ruwan matsarmama yana zuba a farkonsa, abinci kuma yana wucewa cikin 'yan awoyi, shi ya sa a farkon ƙwayoyin ba su wuce dubbai a ɗigon ruwa ba, sai wajen ƙarshensa suke kai miliyoyi. Irin su Lactobacillus da Streptococcus ne suka fi jure wajen. Kuma yawan ƙwayoyi a nan ba alheri ba ne sam, in suka yi yawa su ke riga ka cin abincin su cika ka da iska da wuri, likitoci ma suna ɗaukar wannan a matsayin ciwo na kansa.

Babban hanji shi ne inda taron yake. Bai wuce mita ɗaya da rabi ba, amma giram ɗaya na abin da ke cikinsa yana ɗauke da ƙwaya wajen biliyan 100, abu yana iya kwana ɗaya ko fiye a ciki, kuma kusan babu iskar oksijin. Binciken da aka fitar a 2016 ya ƙiyasta bakteriyar jikin mutum da tiriliyan 38, kusan dukkansu a nan suke. Su Bacteroides da Faecalibacterium prausnitzii su ne masu wurin, suna ruɓar da harzar da mu ba ma iya narkarwa wasunsu irin su Faecalibacterium su fitar da wani sinadari butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanjin kansa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawancinsu oksijin na kashe su, da wuya a iya ɗura su a kafso, don haka abin da ake sayarwa galibi Lactobacillus ne da Bifidobacterium, ba wai don su suka fi yawa a cikinmu ba, don dai su ne suke jure masana'anta da ajiya.

Aikin da ya fi tsaya min a rai shi ne na su Eran Elinav da Eran Segal a cibiyar Weizmann ta Isra'ila, 2018. Ba su tsaya a gwajin bayan gida kawai ba, sun zura kyamara ta sama da ta ƙasa suka ɗebo samfuri daga bangon hanji a wurare daban-daban, bayan sun ba mutane haɗin ƙwayoyi iri 11. Wasu hanjinsu ya bari ƙwayoyin suka ɗan zauna, wasu ko ya kore su tas, alhali a bayan gida duka ana ganinsu. Kamar baƙo ne da aka ga ya fita ta ƙofar baya, wannan bai nuna ya kwana a gidan ba. Sannan waɗanda suka sha furobayotik bayan antibayotik, ƙwayoyinsu na asali sun fi jinkirin dawowa, har wata biyar ba su koma daidai ba, waɗanda aka bari ba a ba su komai ba ma sun riga su. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma ni dai ya ishe ni in daina kallon kafso a matsayin iri da ake shukawa.

Da robar ta ƙare ban sake saye ba. Na koma ciyar da ƙwayoyin babban hanjin, wake da albasa da ganye da hatsin da ba a cire masa dusa ba, amma fa kaɗan-kaɗan, don in ka tula su lokaci ɗaya iskar da za ka yi sai ta ba ka tsoro, ƙwayoyin ne ke aikinsu. A hankali kumburin dare ya ja baya, bayan gida ya daidaita ba yunƙuri ba tsinkewa. Kumburin sama kuwa rage gaggawar ci da rage kayan zaƙi ne suka taimaka min. Yogot ina sha har yanzu don ina sonsa, kuma ƙwayoyinsa suna taya narkar da sukarin madara, amma su ma wucewa suke yi.

Ba ina cewa furobayotik ƙarya ba ne. Kowane iri da aikinsa, Lactobacillus rhamnosus GG da Saccharomyces boulardii suna da shaida wajen rage gudawar antibayotik, shi na biyun ma yis ne ba bakteriya ba, don haka antibayotik ba ya taɓa shi, sauran kuwa ana so a ba da tazarar kamar awa biyu tsakaninsu da maganin. In zan sake sha, cikakken sunan ƙwayar zan duba ba yawan biliyoyin ba. Mai raunin garkuwar jiki da jaririn da aka haifa bakwaini kuma sai da izinin likita, don ƙwayar na iya shiga jini. Gudawar da ta zo da zazzaɓi ko jini bayan antibayotik ita ma ba ta kafso ba ce, tana iya zama aikin wata muguwar bakteriya mai suna Clostridioides difficile, wannan asibiti za a nufa kai tsaye.