Ƙananan halittun cikin hanji da ƙibar yayata

Shekara biyu ke nan da likita ya ce wa yayata ta rage jiki saboda hawan jini, kuma tun daga ranar 'yan gidanmu a nan Katsina suka sa mata ido a kan kwano. Ni da nake cin abinci tare da ita na san ba ta fi kowa ci ba, sau da yawa ma ita ce ke fara tsame hannu. Wata rana bayan la'asar, tana riƙe da takardar awon da aka yi mata, ta ce mini: "Ƙanena, wallahi na rasa inda wannan jiki yake fitowa." Maganar ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta kai ni ga aikin Farfesa Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke Sant Luwis a Amurka.

Gordon da ɗalibansa sun yi aiki da ɓerayen da aka raina a killace tun haihuwa, babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu. A 2004 suka nuna cewa idan aka zuba wa irin waɗannan ɓeraye ƙwayoyin hanjin ɓerayen da suka tashi yadda aka saba, kitsen jikinsu yakan ƙaru da kashi 60 cikin ɗari a mako biyu, alhali abincin da suke ci ya ragu. Gwajin 2013 ya fi ba ni mamaki. Sun samo tagwaye mata, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka ɗebi ƙwayoyin hanjin kowacce suka sa wa ɓeraye, aka kuma ba su abinci iri ɗaya. Waɗanda suka karɓi na mai ƙiba sun fi tara kitse. Da aka haɗa rukunin biyu a keji guda, sai ƙwayoyin siririyar suka shiga hanjin sauran suka hana su yin ƙiba, amma da aka koma ba su abinci mai maiƙo wanda babu ganye da 'ya'yan itatuwa sosai a cikinsa, wannan kariya ta ɓace.

Dalilin yana cikin babban hanji. Dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, waɗanda cikinmu ba ya iya narkarwa, su ne abincin waɗannan halittu, kuma idan suka sarrafa su sukan fitar da sinadaran da ke sa hanji ya saki GLP-1 da PYY, wato saƙon da ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Wannan ya sa na fara kallon surfe da wani ido, domin mukan surfe gero da dawa tas mu ba dabbobi dusar, sannan mu bi da farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba. Wani bincike na 2010 ya kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake kamar mu, da yaran Italiya, ya tarar hanjin yaran ƙauyen ya fi wadatar ire-iren ƙwayoyin nan.

Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma dasa wa masu ƙiba ƙwayoyin hanjin sirara bai rage musu nauyi a zo a gani ba, don haka ban yarda da masu tallan ƙwayar maganin da za ta narkar da teɓa ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda Gordon ya juya wannan ilimi zuwa ga tamowa, wadda muke gani da idonmu a jihar nan duk lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tare da Dakta Tahmeed Ahmed na Dhaka a Bangaladesh, sun haɗa abinci daga gyaɗa da waken suya da ɗanyar ayaba da wani nau'in wake, domin gyara hanjin yara, kuma a sakamakon da aka buga a 2021 yaran da suka ci shi wata uku sun fi saurin ƙara nauyi a kan waɗanda aka ba abincin tamowa da aka saba. Gyaɗa da waken suya muna noma su, shi ya sa nake fatan masana a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua za su gwada irin wannan da gero da zogale da kuka.

A gida kuwa, yayata ta koma tuwon dawar da ba a surfe sosai ba da dambun zogale, kuma na roƙi sauran 'yan uwa su daina ƙirga mata loma.